Ɗauke Batir Daga Mazauninsa Da Ƙara Masa Waya

Wani mai noman albasa da tumatir a fadamar Shinkafi ya aiko mana da tambaya. Ya ce yana da batir mai bolt 12, da faifan sola, da ɗan famfo na ban ruwa. Sa'ad da ya ke ajiye batirin a bakin rijiya, famfo yana aiki sosai. Amma rana tana dukan batirin, ɓarayi kuma sun hana shi barci, sai ya ɗauke shi ya mai da shi cikin bukka a kan tudu, kimanin taku ashirin daga rijiyar. Ya sayi waya a kasuwa ya ƙara. Tun daga ran nan famfo sai nishi, ruwa ba ya fita sai kamar na bakin buta, wayar kuma ta kan yi ɗumi. Ya koma wurin mai kantin da ya sayar masa da batir, suka yi ta cacar baki har mutane suka taru. Yanzu yana tambaya ko jabu aka sayar masa.

Batirin ba shi da laifi, mai kanti ma haka. Laifin na waya ne. Da ya ke mun sami irin wannan tambaya daga wani mai fito a wajen Ƙaura Namoda, wanda ya ke so ya ɗauke batir daga bayan kwale-kwalensa ya mai da shi tsakiya, za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya, gama maganar guda ce.

Da can manomi ba ruwansa da batir, sai na tocila da na rediyo. Jigo da guga su ne kayan lambu, daga baya injin fetur ya shigo. A shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka saboda rashin tsaro, masu lambu suka ji jiki. A watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin mai, kuɗin fetur ya yi tsalle. To, tun daga nan mutane da yawa suka juya ga sola, batir ya shiga gona, ya shiga shago, ya shiga jirgi. Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙaura Namoda, da Bunsuru da ya bi ta Zurmi, waɗanda ruwansu ya ke gangarawa arewa ya ƙare a Rima, da rani yashi ne, da damina kuwa sai da jirgi. Yawancin jiragenmu na nan da gora ko filafili a ke tuƙa su, masu inji kuwa da igiya a ke tayar da yawancinsu. Batirin da a ke sa wa irin waɗannan na fitila ne, da ɗan famfon kwashe ruwa, da cajin wayar hannu. Masu manyan inji da a ke tayarwa da makulli sun fi yawa a manyan ruwaye, kamar su Yawuri a bakin Kwara. Za mu taɓa nasu su ma.

YADDA WUTA TA KE RAGUWA A HANYA

Kowane mai lambu ya san wannan. In ka ja ruwa daga rijiya zuwa fangali na kusa, ruwa ya kan isa da ƙarfinsa. In fangalin yana da nisa, hanyar ruwan kuma siririya ce, kafin ya isa ya gaji. In kana so ya isa da ƙarfi sai ka faɗaɗa hanya. Lantarki ma haka ya ke cikin waya. Abin da a ke kira bolt shi ne ƙarfin turawa, abin da a ke kira amfiya kuwa shi ne yawan wutar da ta ke gudana. Waya ita ce hanya. Kome kyaunta ta kan ci wani abu daga cikin ƙarfin, ta mai da shi zafi. In ta yi tsawo ta ci da yawa, in ta yi siranta ta ci da yawa, in wutar da a ke ja ta yi yawa nan ma ta ci da yawa. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm shi ya fitar da lissafin wannan a shekarar 1827, har yau kuwa da shi a ke aiki.

Wutar gari mai bolt 230 ce. In waya ta ci bolt 3 a ciki, ba wanda zai lura. Amma batir bolt 12 kaɗai gare shi. In waya ta ci 3, ta cinye rubu'in dukiyar ke nan. Mai kwano ɗari na gero in ɓera ya ci uku ba zai sani ba, mai kwano goma sha biyu kuwa gidansa za a ji.

Ga wani abu kuma da mutane su kan manta. Wuta tana zuwa ne ta jar waya, ta komo ta baƙar waya. Saboda haka in tsakanin batir da famfo mita 15 ne, tafiyar da wuta za ta yi mita 30 ce. Kullum a riƙa ninka nisa sau biyu.

Bari mu auna na mutumin Shinkafi. Famfonsa an rubuta wat 120 a jikinsa. In an raba wat da bolt a kan sami amfiya, watau 120 a raba da 12, amfiya 10 ke nan. Wayar da ya saya ita ce siririyar nan ta fitilun ɗaki, wadda 'yan kasuwa su ke kira 1.5. Lambar nan faɗin bakin jan ƙarfen ce in an yanke shi, da murabba'in milimita. Taku ashirin kimanin mita 15 ne, zuwa da komowa 30. A wannan tsawo, waya 1.5 ta jan ƙarfe mai kyau tana cin bolt uku da rabi in ana jan amfiya 10. Abin da ya ke isa wurin famfo bai kai bolt 9 ba. Ina famfo zai yi aiki? Ba ma rashin ruwan ne abin tsoro ba. Injin da ba ya samun isasshiyar wuta ya kan yi ta fama yana zafi, wata rana ya ƙone. Ga albasa tana jiran ruwa a watan Fabrairu, ga famfo a hannun mai gyara.

LISSAFIN DA ZA A RIƘE

Malaman ofis da 'yan kasuwa, ku ɗauki fensir, don ku ne za ku taimaki maƙwabta. A ɗauki tsawon waya zuwa da komowa, da mita. A ninka shi da amfiya. Abin da aka samu a raba shi da 20. Amsar ita ce lambar wayar da za a saya, in ba a sami daidai ba a sayi ta gaba da ita, kada a sayi ta baya. Wayar da aka zaɓa ta haka ba za ta ci fiye da kashi uku cikin ɗari na ƙarfin batir mai bolt 12 ba, watau sulusin bolt guda ko kusa da haka.

Lambobin da a kan samu a kasuwa su ne 1.5, da 2.5, da 4, da 6, da 10, da 16, da 25, da 35. Na mutuminmu, 30 sau 10 ya zama 300, a raba da 20, ya zama 15. Watau waya 16 ya kamata ya saya, ya sayi 1.5. Kun ga ya gaza fiye da sau goma. Da a ce mita 5 kaɗai ya ja da batirin, da 10 sau 10 ne, 100, a raba da 20, 5, sai ya sayi waya 6. Fitila kuwa mai jan amfiya ɗaya, ko a mita 15 ɗin, waya 1.5 ta ishe ta. Shi ya sa maƙwabcinka zai rantse maka cewa shi da siririyar waya ya ke aiki shekara da shekaru lafiya lau. Gaskiya ya faɗa, amma fitila ya ke kunnawa.

Mita 30 na waya 16 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma jan ƙarfe mai kauri shimfiɗe a fili kiran ɓarawo ne. A ganinmu, kafin mutum ya kashe wannan kuɗi gara ya tambayi kansa ko lalle sai batirin ya yi nisa haka. Sau da yawa ya fi arha a gina masa ɗan akurki na bulo mai ƙofar ƙarfe da kwado a kusa da rijiya, a kan dandamali, a yi masa inuwa. Ko kuwa a ɗora shi a baro a kai shi gida da yamma. Batir ya zauna kusa da abin da ya fi jan wuta, a ja dogon layi zuwa abin da ba ya ja da yawa. Mai shago da ya ke da inbata ya lura da wannan ƙwarai. Inbata mai wat 1000 ya kan ja fiye da amfiya 80 daga batir mai bolt 12, amma ta ɗaya gefen, inda ya ke ba da bolt 230, abin bai kai amfiya 5 ba. Saboda haka in za a fitar da batir daga shago, a fitar da shi tare da inbata, a ƙara tsawo ta gefen 230. Kwantarolar sola ma ta bi batir, gama ita ce ta ke auna shi. In doguwar waya ta shiga tsakaninsu sai ta ɗauka ya cika tun bai cika ba, ta rage masa caji.

Wanda ya ke shirin sayen sabon famfo, in nisa ya zama tilas, ya nemi mai bolt 24, ya haɗa batir biyu a jere. Aiki ɗaya za a yi da rabin amfiya, kuma rubu'in kaurin waya ya isa.

SAYEN WAYA

A nan ne a ke cutar mutane. Akwai waya da yawa a kasuwa wadda ja ce a ido, amma cikinta alminiyam ne, an shafa masa jan ƙarfe a baya kamar lalle. Irin wannan tana cin wuta fiye da ta gaskiya da wajen rabi, tana karyewa, kuma in damshi ya taɓa ta sai ta zama gari. Gane ta ba wuya. A feƙe roba, a kankare silin da wuƙa. In ciki ya fito fari, a ajiye ta. In an kara mata ashana silin ya kan lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya. A hannu ma ba ta da nauyi. Akwai kuma wadda robarta ta ke da kauri, jan ƙarfen ciki ɗan kaɗan. Kada a sayi waya da kaurin riga, a duba bakinta.

A nemi mai silli da yawa, mai laushi. Wayar gini mai ƙarfe guda a ciki an yi ta ne don ta kwanta a bango ba motsi. A jirgi ko a tarakta girgiza za ta karya ta a cikin roba inda ido ba ya gani. Wayar masu walda tana da kyau ga aiki mai nauyi. A ƙasashen da a ke ƙera jiragen ruwa, jan ƙarfen da aka shafa wa kuza su ke sawa don kada ya yi tsatsa. In an same shi madalla, in ba a samu ba a rufe bakunan waya da kyau.

NA MASU JIRGI

Mai fito ya yi tunani mai kyau. Bayan jirgi nan inji ya ke, nan jarkar fetur ta ke, nan matuƙi ya ke zaune, nan kuma ruwan da ya shigo ya ke taruwa. Batir babba ya kan yi kilo 25 zuwa 30, mafi girma har ya kusa 60, watau fiye da buhun siminti. In an ɗauke wannan nauyi daga baya, jirgi ya kan daidaita, goshinsa ya daina ɗagawa. Amma kada a kai shi can goshi, gama nan ne ya fi shan duka in ana igiyar ruwa, duka kuwa yana zubar da allunan cikin batir. Tsakiya ya fi, a kan layin tsakiyar jirgi, ba dama ba hagu, a ƙasa-ƙasa, amma a kan katako yadda ruwan ƙasan jirgi ba zai kai gare shi ba. A sa shi cikin akwatin roba ko na katako mai murfi, a ɗaure da igiya ko ɗamara yadda ko jirgi ya karkata ba zai gusa ba. Kaya mai nauyi da ya zame gefe guda a lokacin da jirgi ya karkata shi ya ke ƙarasa kifar da shi. Mutanen jihar nan ba su manta da manoman da suka halaka a jirgi a Gummi cikin watan Satumba na 2024 suna kan hanyar gona ba. A lissafa nauyin batir cikin lodi, kamar yadda a ke lissafa mutum.

Fetur da batir kada su zauna a wuri ɗaya. Tururin fetur yana da nauyi, ya kan kwanta a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Masu inji mai makulli, naku ya fi wuya. Sitata ya kan ja amfiya 100, ko 150, ko fiye, na ɗan lokaci kaɗan. Da ya ke ba ya daɗewa, a kan yarda waya ta ci kimanin rabin bolt ko ɗan fiye, saboda haka a raba da 35 maimakon 20. In an ja batir mita 4, zuwa da komowa 8, sau 150 ya zama 1,200, a raba da 35, ya fita 34 da ɗoriya. Waya 35 ke nan, ja da baƙa duka. Waɗansu su kan sa mai kauri a ja, su bar siririya a baƙa, suna cewa ai ita ba ta ɗauke da wuta. Kuskure ne, abin da ya tafi ta wannan shi ya ke komowa ta waccan. Injin da ya ƙi tashi a bakin gaɓa ɓacin rai ne kawai. Wanda ya mutu a tsakiyar gulbi cikin Agusta ya ƙi tashi, wannan wata magana ce.

RANAR AIKI

A cire zobe da agogo. A kashe kome. A fara kwance baƙar waya, mai alamar ɗebewa, sa'an nan ja, mai alamar tarawa. Wajen mayarwa kuwa ja ce farko, baƙa ta zo ƙarshe. Dalili shi ne a mota da tarakta da injin jirgi baƙar waya tana haɗe da jikin ƙarfen. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta bi ta cikinta da ƙarfin da zai narkar da ita a hannunka.

Abin da ya fi kyau shi ne a cire tsohuwar waya gaba ɗaya a sa sabuwa guda, daga batir har inda za ta. Kowane gami wurin ciwo ne. In kuwa ba makawa sai an yi gami, kada a murɗa bakuna biyu a naɗe da leda, irin yadda a ke yi wa wayar rediyo. A sayi 'yan kunnuwan nan na jan ƙarfe masu rami, a cusa bakin waya, a matse su sosai. Masu gyaran wayar mota suna da abin matsewa, kuɗin kuwa kaɗan ne. A haɗa kunnuwan biyu da kusa mai noti, a ɗaure tam, a shafa giris, a naɗe da salatif, a bi da robar tsohon tiyub. Gamin ja da na baƙa kada su zo daura da juna, a raba su da ɗani guda ko biyu, kuma a ɗaga su daga ƙasa.

Sai fis. Yawancin mutanenmu ba su sa shi, da ya ke kome yana aiki ba tare da shi ba. Amma doguwar waya tana da wuraren gogewa da yawa: bakin kwano, gefen jirgi, haƙorin ɓera, bakin fartanya. Ran da ja ta taɓa baƙa, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a ciki, wayar ta yi ja wur tun daga wannan kai har wancan, bukkar kara kuwa ba ta jira. A sa fis a jar waya dab da kan batir. Ƙa'idar maƙeran jiragen ruwa na Amurka ta ce kada ya wuce inci 7 daga kan batir, watau kimanin ɗani. Famfo mai amfiya 10 a sa masa fis mai 15. In ya ƙone a nemi dalili, kada a ɗaure shi da silin waya ko takardar sigari. Wayar sitata ba a cika sa mata fis ba saboda yawan abin da ta ke ja, ita sai a sa mata babban makunni kusa da batir, a riƙa kashewa in an sauka.

A bi da waya ta cikin tsohon tiyo ko fayif na roba, a ɗaure ta kowace ƙafa ɗaya da rabi. A gona a binne fayif ɗin zurfin da garma ba za ta kai ba.

Sabon mazaunin ya zama mai inuwa, mai shan iska. Zafi shi ne babban mai kashe batir a ƙasarmu. An yi shi ne don ɗumin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma ko kusa da haka ya kan rage rabin kwanansa. To, ku tuna yadda ɗakin kwano ya ke a Zurmi cikin watan Afrilu. Batir mai ruwa kuma in yana caji ya kan fitar da wata iska mai suna haidurojin, ba ta da launi, ba ta da wari, tana tashi sama ta taru a ƙarƙashin murfi ko rufi. In ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar wurin, ashana ko taba ta isa ta fasa batir a fuskar mutum. A huda akwati ta sama, kada a ajiye shi a ɗakin kwana, kada kuma a leƙa ruwansa da fitilar kwai.

In an gama, a tayar da famfo. A ari ma'aunin lantarki, a auna a kan batir, a auna a bakin famfo yana cikin aiki. Bambancin kada ya wuce rabin bolt. Bayan minti goma sha biyar a bi waya da hannu. Duk gamin da ya yi ɗumi bai ɗauru ba, a sake shi. Batir cikakke da ya huta ya kan nuna 12.6 ko 12.7, in ya nuna 12.2 ya kai rabi, a daina ja a bar shi ya sha rana.

Farin garin nan da ya kan taru a kan batir, ruwan kanwa yana wanke shi, gama kanwa tana kashe kaifin asid. Amma ko ɗigo kada ya shiga cikin ramukan. In ruwan batir ya faɗa ido, ban da kanwa, ban da kome, sai ruwa mai tsabta a yi ta kwarara har minti goma sha biyar, a tafi asibiti.

Wanda batirinsa ya mutu kuma, kada ya fasa shi a tsakar gida don ya ciri dalma, kada ya ba yara su yi wasa da shi. Tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙago irin wannan batir a 1859, dalma ce cikinsa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Waccan daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda a ke niƙawa a cikin gida, amma ita ce dai dalmar da ta ke cikin batir, ƙurarta kuwa yara ta fi kamawa. A kai shi ga masu saye yadda ya ke, a tsaye, da murafensa a rufe.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan wanke faifan sola a lokacin hunturu, da inda ya kamata a fuskantar da shi.